Gonar Barewa a Amurka: Gyaran Daji ko Ɗana Tarko?

A karkarar Amurka, daga Alabama da Jojiya a kudu har zuwa Wiskonsin da Mishigan a arewa, akwai wata irin gona da mai ita ba ya sa ran kai ko tiya guda gida daga cikinta. Yakan share fili a tsakiyar daji, wani rabin eka, wani eka biyar ko fiye, ya ɗebi ƙasar ya aika a auna tsaminta, ya zuba farar ƙasa da takin zamani, sannan ya shuka alkama ko waken suya ko masara ko ciyawar kuloba. A kudancin ƙasar har da wake da dawa, waɗannan dai namu da muka sani, waɗanda tun asali daga Afirka aka kai su can. Idan shuka ta yi kyau, barewa ce za ta ci. Idan kaka ta yi aka buɗe lokacin farauta, sai mai gonar ya hau wani ɗan dandamali da ya kafa a jikin bishiya a bakin filin, da bindigarsa ko bakansa, ya zauna jira.

Wannan al'ada ta raba kan maharban ƙasar, ta raba kan masana dabbobin daji, har maƙwabta da gonakinsu ke jingine da juna takan haɗa su rigima. Kafin a ji hujjar kowa, sai an san yadda aka zo nan, domin matsalar barewa a Amurka kishiyar tamu ce. Mu a nan namun daji ƙarewa suke yi, sai a wurare irin su Yankari ake zuwa ganinsu. Su kuwa sun wuce wannan matakin tun tuni. Wajen shekarar 1900, farautar kasuwa da saran daji sun rage barewa mai farar wutsiya zuwa rabin miliyan ko ƙasa da haka a duk faɗin ƙasar. Dokar Lacey ta 1900 ta toshe safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. Dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa hukumomin kula da namun daji na jihohi. Aka taƙaita lokacin farauta, aka hana harbin mata a wurare da yawa, aka kamo bareyi daga inda suka saura aka saka su inda suka ƙare. Kyarketai da manyan damisoshin dutse da ke cinsu kuwa an riga an shafe su daga mafi yawan gabashin ƙasar. Yau ana ƙiyasta wannan barewa ta kai kusan miliyan 30, maharba kuma na kashe kimanin miliyan 6 kowace shekara ba tare da ta ragu ba.

Akwai kuma bambanci guda da doka ta yi, wanda kusan duk gardamar ke kewayawa a kansa. Zuba tulin masara a ƙasa don jawo barewa haramun ne a jihohi da dama, halas ne a wasu, kamar Teksas inda injin watsa masara ya zama ruwan dare. Amma shuka masarar a bar ta tsaye a gona, kusan ko'ina doka ta yarda da shi a filin da mutum ya mallaka. Hatsi ɗaya ne, barewa ɗaya ce, niyya ma ɗaya ce, hukunci ya bambanta.

Hujjar masu noma

Masu wannan noma suna fara maganarsu ne da lokaci. Farauta makonni ce kawai a shekara. A Wiskonsin, babban lokacin harbi da bindiga kwana tara ne a watan Nuwamba. Gonar kuwa tana nan wata da watanni, kuloba ma takan yi shekaru tana tofowa daga shuka ɗaya. Saboda haka, in ji su, a duk barewa guda da aka harba a bakin gona, akwai da yawa da suka ci suka wuce lafiya: uwa mai shayarwa a tsakiyar zafi, ɗan da aka yaye, namijin da ya rame bayan lokacin barbara kuma ga hunturu na tafe da dusar ƙanƙara. Talotalon daji da zomaye da tsuntsaye su ma suna cin rabonsu, ƙudan zuma na samun fure.

Sai kuma batun kyawun harbi, kuma wannan hujja tana da nauyi. Maharbin da ke zaune a ɓoye yana kallon barewa tsaye a sarari yana da damar ya duba da kyau: namiji ne ko mace, babba ne ko ɗan shekara ɗaya, me ke bayansa idan harsashi ya wuce. Zai saita inda dabbar za ta faɗi nan take. Wanda ke harbin abin da ya gilma a guje cikin duhuwa shi ne ya fi barin dabba da rauni ta je ta mutu a wahale, shi ne kuma ya fi kusa da harbin ɗan'uwansa maharbi bisa kuskure. Ga tsoho da ƙafa ta gaza, ga yaro da ake koya wa, ga mai naƙasa, gonar ita ce ƙofar da ta rage musu ta shiga wannan al'ada.

Ƙungiyar da Joe Hamilton ya kafa a jihar Karolina ta Kudu a 1988, wadda daga baya a 2020 ta haɗe da wata ta zama ƙungiyar barewa ta ƙasa, ta yaɗa ra'ayin cewa a ƙyale ƙananan maza su girma, a riƙa harbin mata daidai gwargwado, a kuma gyara muhalli. Noman abinci ya shiga cikin wannan tsari a matsayin kayan aiki. Masu bin tafarkin suna cewa wanda ya yi noma don barewa yakan koma mai lura da ƙasarsa duk shekara: ya san tsamin ƙasarsa, ya san ciyawar da ta mamaye, ya san adadin 'ya'yan da aka haifa bana. Kuma filin da mai shi ke ƙauna saboda farauta ba ya saurin sayar da shi a yanka fulotai.

Amsar masu adawa

Masu adawa ba su musanta cewa barewa na cin gonar ba. Tambayarsu ita ce: wa ya ce barewar Amurka yunwa ce damuwarta? A yankuna da yawa na gabas, yawanta ne ya zama annoba ga daji. A Fensilbaniya masana gandun daji sun daɗe suna nuna wuraren da ƙananan itatuwa ba sa iya tasowa domin da sun tofo an cinye su, sai ka ga manyan bishiyoyi a sama, ƙasa kuwa fayau, tsuntsayen da ke sheƙa a ƙananan rassa sun rasa wurin zama. Aldo Leopold, wanda littafinsa na 1933 ya kafa harsashin ilimin kula da namun farauta a ƙasar, ya yi ta gargaɗi a kan wannan, yana kafa misali da tudun Kaibab a Arizona, inda bareyi suka yi yawa bayan an kashe masu cinsu, suka cinye dajin, yunwa ta karkashe su a shekarun 1920. A kan tituna kuwa motoci na karo da barewa fiye da sau miliyan ɗaya a shekara, da asarar rayuka da dukiya. Ga kuma kaskar da ke ɗauke da cutar Laim, wadda barewa ce babbar mai ciyar da ita idan ta girma. To a irin wannan hali, ƙara wa garke abinci mai gina jiki yana nufin ƙarin tagwaye, ƙarin bakuna, ƙarin nauyi a kan dajin da ke kewaye da gonar, domin barewa ba ta tsayawa kan shuka kaɗai. Asalinta mai tsinkar ganye ce da tohon itatuwa da 'ya'yan itace, kuma a hanyarta ta zuwa gona da dawowa sai ta tsinke duk abin da bakinta ya kai.

Suna ƙarawa da cewa idan da gaske gyaran muhalli ake nufi, akwai hanyoyin da suka fi arha kuma suka fi faɗi: rage cunkoson itatuwa don rana ta sauka ƙasa, sa wa daji wuta bisa tsari a lokacin da ya dace, barin tsohuwar gona ta koma saura. Waɗannan suna samar da abinci da maɓoya a ɗaruruwan eka, ba a eka biyu ba. Ko masanan da suka yi rubutu a kan yadda ake noman barewa, irin su Craig Harper na Jami'ar Tenesi, suna jaddada cewa gonar ƙari ce a kan gyaran dajin, ba madadinsa ba. Amma kasuwa ba ta da abin sayarwa a cikin barin saura ta yi ciyawa. Abin da take da shi buhun iri ne mai hoton namijin barewa da ƙahoni kamar rassan bishiya, da taki, da maganin ciyawa, da ƙaramar tarakta, da kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya tana aiko hoto ta waya. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kamfanoni suka fara haɗa iri musamman don barewa, wannan ciniki yake haɓaka, kuma masu adawa na ganin ƙaho ne ke tura shi, ba lafiyar daji ba.

Farauta ce ko yanka?

A nan ne zuciya ta fi shiga maganar. Ƙungiyar Boone da Crockett, wadda Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa a 1887, ta gina sunanta a kan aƙidar cewa dole a bar wa dabba damar tsira, kada maharbi ya ɗauki rinjayen da bai dace ba a kanta. Masu adawa na cewa wanda ya koya wa barewa zuwa wuri ɗaya duk yamma, ya san lokacin fitowarta ta hoton kyamara, har ya raɗa mata suna, sannan ya zauna a ɗaki mai taga yana jiranta, ya fi kama da mai kiwo da ya zo yanka. Bin sawu, karanta kashi da karyayyen reshe, sanin inda iska ke kaɗawa, duk wannan ilimi yana mutuwa idan abin da ake buƙata kawai shi ne kujera da haƙuri.

Masu noma suna da amsa mai ƙarfi a kan wannan. Suka ce ba a taɓa yin farautar da babu dabara a cikinta ba. Maharbi tun fil azal yana kwanto ne a inda dabba ke ci ko sha. Wanda ya zauna ƙarƙashin bishiyar da 'ya'yanta ke zuba, ko a gefen gonar masarar wani manomi a Ayowa, ba wanda ya ce ya yi ha'inci, to me ya sa na wanda ya shuka da hannunsa zai zama laifi? Bahaushe ba zai rasa gane wannan magana ba, domin maharbinmu da ke ɗaura kan burtu a goshi ya duƙa yana tafiyar tsuntsu har ya kusanci nama, yaudarar dabba yake yi, amma ba mu taɓa cire shi daga sahun maharba ba, gwaninta ma muke kiran abin. Sun kuma ce duk wanda ya taɓa jira a bakin gona ya san babban namiji ba wawa ba ne. Da ya ji ƙanshin mutum sau ɗaya, sai ya daina fitowa sai dare ya raba, lokacin da doka ta hana harbi. Gonar ba shinge ba ce, dabbar na da ikon ta zo ko ta ƙi.

A ganina kowane ɓangare ya faɗi gaskiya a kan wani abu daban. Eka ashirin na waken suya da barewa za ta iya shiga ta kowace kusurwa abu ne guda. Ɗan fili mai faɗin tsakar gida da aka shuka daidai nisan kibiya daga dandamali, wanda su kansu masu yi suke kira filin kisa, wani abu ne daban. Suna ɗaya ake kiransu da shi, doka ma ɗaya take musu, amma na biyun ya fi kusa da tulin masara.

Cutar da ta sauya gardamar

Da maganar ɗabi'a ce kawai, da kowa ya bi ra'ayinsa an wuce. Abin da ya mai da ita ta hukuma shi ne cuta. A 1967 aka fara lura da wata cuta a jikin bareyin da ake tsare da su a wata cibiyar bincike a Kolorado, cutar da ke ramar da dabba, ta ruɗa ƙwaƙwalwarta, ta kashe ta. Ana taƙaita sunanta da CWD. Ba ƙwayar cuta ce irin wadda aka saba ba, wani gurɓataccen furotin ne, dangin wanda ya haddasa haukan shanu a Ingila. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi, kuma duk dabbar da ta kama sai ta mutu. A 2002 aka tabbatar da ita a Wiskonsin, yanzu kuma ta ɓulla a jihohi fiye da 30, da Kanada, har Nowe a 2016. Tana fita ta miyau da fitsari da kashi, tana zama cikin ƙasa shekaru ba ta lalace ba. Ba a tabbatar ta kama ɗan Adam ba, amma hukumomin lafiya na ba da shawarar kada a ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana ɗauke da ita. A arewa maso gabashin Mishigan kuma tarin fukan shanu ya kafu cikin bareyin daji tun shekarun 1990, aka danganta yaɗuwarsa da al'adar tara musu abinci tuli-tuli, makiyayan shanu suka ɗanɗana kuɗarsu.

Saboda haka Mishigan ta hana zuba abinci a kudancin yankinta a 2008, ta sassauta a 2011, ta sake hanawa daga 2019. Wiskonsin na hanawa a gundumomin da cutar ta shafa. A duka biyun an ƙyale gonar da aka shuka. Dalilin hukuma shi ne tulin masara yana haɗa hancin bareyi da yawa a wuri mai faɗin tabarma, kowa na lasar miyan wani, kuma da ya ƙare a ƙaro wani a daidai wurin. Gona kuwa tana warwatsa su, idan an cinye ta kuma shi ke nan sai baɗi.

Masu adawa suka ce wannan gaskiya ne ga babbar gona, amma ƙaramin fili da garke guda ke kiwo a kai shekara da shekaru yana tara fitsari da kashi a ƙasa ɗaya. A 2015 masu bincike a Teksas sun nuna a ɗakin gwaji cewa tsiro na iya riƙe wannan furotin, har ya zuƙe shi daga ƙasa. A 2018 wasu a Wiskonsin suka same shi a wuraren da ake ajiye wa barewa gishirin lasa. Waɗannan ba su tabbatar da cewa gona na yaɗa cutar a daji ba, amma sun isa su hana mutum bugun ƙirji ya ce ba ta yi.

Barewar ta wa ce?

Akwai ɓangaren da na fi ganin ya kamata a daɗe a kansa, domin shi ne ba a cika faɗa a tallan iri ba. A tsarin Amurka, naman daji ba na mai fili ba ne. Amana ce a hannun jiha a madadin jama'a duka, kuma wannan aƙida ce ta bambanta su da Turai ta dā, inda barewa ta sarki ce da masu sarauta, talaka ya taɓa ta ya sha hukunci. Ma'aikacin masana'anta da ya sayi lasisi yana da haƙƙi daidai da na attajiri. Amma barewa guda yawonta yakan kai kimanin murabba'in mil ɗaya, wato eka 640, yana ratsa filayen mutane da yawa. Idan mai hali ya sayi eka ɗari biyar ya noma abin da ya fi komai daɗi a yankin, ya hana kowa shiga, to bareyin unguwar sun tare a wurinsa a daidai makonnin farauta. Maƙwabcinsa mai eka ashirin, da wanda ba shi da ko taku ɗaya sai dajin gwamnati, sai su wuni ba su ga komai ba. A takarda dabbar ta kowa ce, a aikace ta koma ta mai tarakta. A Teksas, inda kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasa ke hannun masu zaman kansu, farauta ta daɗe da zama abin da ake biyan haya a yi.

Masu noma sukan amsa cewa barewar da ta ƙoshi a gonarsu tana tsallakawa ta faɗa hannun maƙwabci, musamman lokacin barbara da maza ke yawo ba ji ba gani, kuma su ne suka kashe kuɗin ba tare da sun karɓi ko sisi daga kowa ba. Hukumomin jihohi da dama su ma suna shuka irin waɗannan filaye a dazukan gwamnati don amfanin kowa. Wasu maƙwabtan ma sukan haɗa kai su tsara filayensu tare. Wannan amsa ta rage kaifin zargin, amma ba ta kawar da shi ba, domin idan kowa sai ya yi noma kafin ya ga nama, to kuɗin shiga farauta ya ƙaru ke nan ga wanda ya fi buƙatar naman a tukunyarsa.

Tace hujjoji

Idan aka baje su duka, wasu sun tsaya da ƙafarsu, wasu sun raunana. Cewa gona na ceton barewa daga yunwa hujja ce mai rauni a mafi yawan wurare, sai dai a can arewa mai tsananin hunturu ko inda ƙasa ta tsiyace. Cewa tana sa a yi harbi mai tsafta gaskiya ce, kuma ban ga masu adawa sun rusa ta ba. Cewa daidai take da tulin masara ta fuskar cuta bai tabbata ba, amma girman fili yana da tasiri, doka kuma ba ta auna girma.

Abin da ya fi raba mai gyara da mai ɓarna, a fahimtata, shi ne abin da mai gonar ke harba. Mata ne ke ƙayyade yawan garke. Wanda ya noma, sannan ya yi amfani da filin ya rage mata gwargwadon abin da dajin zai ɗauka, ya ci nama, ya ba da saura ga shirye-shiryen raba naman farauta ga mabuƙata irin wanda aka fara a Bajiniya a 1991, wannan ya taimaki daji da jama'a. Wanda ya noma ya ƙyale mata suna ta haihuwa, yana jiran namiji guda mai ƙahon da zai rataye a bango, ya ƙara wa dajin maƙwabtansa da titin garinsu nauyi, ko da bai karya doka ko ɗaya ba. Daga kan hanya ba za ka iya bambance gonakin mutanen nan biyu ba, hukuma ma ba ta da hanyar bambancewa.

Tambayoyi biyu ne suka rage a buɗe, kuma masu gaskiya a kowane ɓangare sun yarda ba a rufe su ba. Ta farko ta masana ce: daga wane girma ne fili ke daina zama gona ya koma wurin tara cuta, kuma shin jihar da CWD ta shiga za ta iya ci gaba da hana tuli tana ƙyale ɗan filin kisa? Ta biyu ta 'yan majalisun jihohi ce da masu zaɓensu: har zuwa ina mai fili zai iya jawo dabbar jama'a zuwa bayan shingensa kafin a ce ya mallake ta? Jojiya da Alabama sun bi hanyar sassauci, har zuba masarar ma sun halatta bisa sharuɗɗa, a daidai lokacin da Mishigan ta ƙara tsanantawa.